Na Fasa Wa Mijina Leɓe da Cokali Saboda Kabeji

Anti, don girman Allah ki taimake ni, kuma ki daure ki karanta har ƙarshe kafin ki yanke mini hukunci. Yau kwana tara mijina bai taka gidansa ba. Ya fita da leɓe a fashe da hannu a naɗe. Leɓen aikina ne, hannun aikinsa ne, kuma duk a kan kabeji. Ki yi dariya in kin ga dama, ni kam tun ranar ban sake yin ta ba.

Ni mai dafa abinci ce a wata makarantar firamare, shekara goma sha tara ina riƙe da ludayi. Yara ɗari uku da wani abu nake ciyarwa kullum da rana, kuma dokata ɗaya ce tak: abin da na zuba maka sai ka cinye. Ina tsayawa bakin ƙofar ɗakin cin abinci, kowa ya nuna mini farantinsa kafin ya fita, wanda ya ture ganye gefe ya koma ya zauna. Har suna suka laƙa mini, wai Inna Sai-An-Cinye, ban kuwa taɓa jin haushin sunan ba. Na san duk dabarunsu, da mai cusawa a aljihu, da mai dunƙulewa a kumatu ya je bayan famfo ya tofar, da mai turawa ƙarƙashin tebur da ƙafa. Ba a haifi yaron da zai yi mini wayo ba. A bangon kicin ɗinmu kuma akwai wani hoton faranti da aka liƙa tun da daɗewa, an raba shi gida-gida, rabinsa cur kayan lambu ne. Na kalli hoton nan har ya zauna mini a ka.

Shi kuwa maigidan mai fenti ne. Abokan aikinsa Tanki suke ce masa, ba su kuma yi masa ƙage ba, don sai da ya kai kilo ɗari da arba'in da biyu. Tsani biyu ya karya da nauyinsa. Ga ciwon suga, ga hawan jini, ga gwiwoyi da suka daina ɗaukarsa. Mutum ne mai sanyi, in kin zage shi murmushi zai yi, amma a kan abinci maƙaryaci ne na bugawa a jarida. Zai kalli tsabar idona ya rantse bai sa komai a baki ba tun safe, in leƙa motar aikinsa in tarar da takardun tsire jiƙe da mai a ƙarƙashin kujera, kwalaben lemo a cikin bokitin wanke burushi. Shekara da shekaru muna wannan wasan ɓuya. Ni kuwa, Anti, suga ce ta kashe mahaifina. An fara da yanke masa yatsa, aka koma tafin ƙafa, aka kai gwiwa, kuma ni na yi jinyarsa, ni na wanke gyambon da hannuna. Ranar da aka kira ni aka ce maigidan ya yanke jiki ya faɗi a wurin aiki, warin ɗakin babana ne ya dawo mini a hanci. Na rantse a raina ba zan sake ganin wannan ba.

Wata huɗu da suka wuce aka yi masa tiyatar rage ƙiba, irin wadda ake yanke tumbi a bar ɗan kaɗan. Ranar da aka sa za mu gana da mai ba da shawara kan abinci ta asibitin, sai ga masu duba makarantu sun faɗo mana, ban samu zuwa ba, shi kaɗai ya je. Ya dawo da takardu, na ɗan duba sama-sama ina yanka albasa, idona ya faɗa kan layin da ke cewa a riƙa cin kayan lambu kowace rana, na ce shi ke nan, an zo fagena. Makonnin farko na ruwa-ruwa da na abinci markaɗaɗɗe ban yi wasa da su ba, ko 'yan'uwansa sun shaida. Da aka ba shi izinin fara tauna ne wutar ta tashi.

Ya ce mini wai matar asibitin ta ce cokali biyu zuwa uku na kayan lambu sun isa, a dafa su su yi ligif, kuma sai ya fara cin ƙwai ko kifi tukuna. Na yi dariya har da riƙe ƙugu. Cokali biyu! Ɗan shekara shida ludayi biyu nake zuba masa, sai gardi mai gemu ya zo mini da cokali biyu? Na ce an dawo gidan jiya, an yanke tumbi amma ba a yanke ƙarya ba. Na ɗauko farantin da muka saba, na cika rabinsa da ɗanyen kabeji da karas da kokwamba da latas, don an koya mana wuta tana kashe amfanin ganye. Na ajiye kifi a gefe na rufe, na ce sai an gama ganye a ga kifi, kamar yadda nake yi wa yara. Na dire masa kofin ruwa ya riƙa korawa. Sannan na harɗe hannu na tsaya a kansa.

Loma huɗu, biyar, sai ya dafe ƙirji, idonsa ya yi ja, ya ruga banɗaki. Kullum haka. Ni kuwa ina bakin ƙofa ina ce masa na san wannan ma, yatsa yake zurawa a maƙogwaro, na ga waɗanda suka fi shi iyawa. Allah ya yafe mini, haka na faɗa. Ana nan sai ya ce shi a baranda zai riƙa ci, wai iska tana taimaka masa. Tun daga ranar faranti ya riƙa dawowa tas kamar an lashe. Na ji daɗi har na kira yayarsa a waya ina cika baki, na ce ai duk taurin kan mutum in ya haɗu da ni sai ya saduda.

Ranar Asabar ɗin da abin ya faru, tun hantsi nake jin wani ɗoyi a gidan. Na zaci ɓera ne ya mutu. Na ja firji, na ɗaga kujeru, na zuba ruwan zafi a magudana, wari yana nan. Hancina ya kai ni baranda, inda yake jera gwangwanayen fenti da suka ƙare. Na sa wuƙa na ɓanɓare murfin ɗaya, sai ya yi tsalle da kansa, wani baƙin ruwa ya fantsamo mini a fuska. Kabejina ne, ya ruɓe ya narke, tsutsa tana iyo a ciki. Na buɗe na biyu, na uku. Gwangwani goma sha ɗaya, Anti! Mako shida ina dawowa daga aiki ƙafafuna a kumbure, in tsaya in wanke, in yanka siriri-siriri, ashe gwangwani nake ciyarwa. Ni da yara ɗari uku suka kasa yi wa wayo, a cikin gidana aka mai da ni sakarai.

Idona ya rufe. Na ɗauki gwangwanin na same shi a tebur yana kurɓar shayi, na dire masa a gabansa har ruwan ya zubo. Na shiga kicin na yanko sabon kabeji, har na yanke yatsa ban ji ba, na kawo na ce yau a gabana za a cinye. Ya ce in yi wa Allah in saurare shi, wallahi abin tsaya masa yake a ƙirji kamar ya haɗiyi dutse. Wallahin nan ce ta ƙara tunzura ni, don ita ce dai wallahin takardun mai. Na cafki muƙamuƙinsa. Kin san mai ɗaga tukunyar mutum ɗari ba ta rasa ƙarfi, shi kuma ya zubar da kilo arba'in, ƙarfinsa duk ya tafi. Na danne kansa da jikin kujera na tura cokali. Ya datse haƙora, ni kuma na danna, cokalin ya goce ya tsarge masa leɓe, jini ya ɗiɗɗiga a kan kabejin. Da a nan na tsaya da sauƙi. Na rarumi ludayi na kwaɗa masa a kafaɗa, sau biyu ko uku, ina ihu ina cewa in mutuwa yake so ya je ya mutu a wani wuri, ni na gama wanke gyambon kowa.

Shekara ashirin da uku da aurenmu mutumin nan ko tsawa bai taɓa daka mini ba. Ranar ya miƙe ya kife teburin, gwangwanin ya tuntsure, ruɓaɓɓen ruwan ya malale falo. Ya wurga farantin ya tarwatse a bango, tsakaninsa da kaina bai fi taƙi ɗaya ba. Ya dunƙule hannu ya ɗaga, na runtse ido ina jiran saukarsa, sai na ji tartsatsin gilashi. Ƙofar kabad ya nausa. Jini har kan silin da shi da kansa ya yi wa fenti. Maƙwabta suka cika ƙofa. Ya naɗe hannun da rigar aikinsa ya ratsa su ya fita. Ɗinki bakwai aka yi masa, daga can ya wuce gidan yayarsa.

Ita yayar ta wanke ni tas a waya, ta ce in na kuskura na taka mata ƙofa sai ta nuna mini ita ma tana da ludayi. Amma daga bakinta na ji abin da ya sa na rubuto miki. Ba abin da yake ci sai shayi mai suga da biskit, wai su kaɗai ke wucewa lafiya. Ƙwayoyin da asibiti suka ba shi ya daina sha tun tuni, saboda amai yana dawo da su. Gashinsa yana zuba. Tafin ƙafarsa yana masa kamar kiyashi na yawo. Shekaranjiya ya tashi daga zaune jiri ya kwashe shi sai da ya dafa bango. Kuma ranar Litinin mai zuwa ya karɓi aikin fentin wani bene, hawa na uku, ta waje, a kan katakon da ake kafawa a hau, da hannu ɗaya.

Sau biyu ina aika abinci ana dawo mini da shi ko buɗewa ba a yi ba. Ba zan ɓoye miki ba, har yanzu zuciyata tafasa take, wani lokaci ji nake kamar in ɗauki tukunya in je in ɓalle ƙofar. Wani lokaci kuma in ɗaga kai in ga jinin nan a silin in zauna in yi ta kuka. Ina son mijina, Anti, tsoro nake ji. Ta yaya zan sa shi ya ci ganyen da jikinsa ke buƙata? Ta yaya zan dawo da shi gida? Kuma ki gaya mini gaskiya, laifina ne don na ƙi zuba ido ya kashe kansa?

Taki cikin damuwa,
Inna Sai-An-Cinye

AMSA

'Yar'uwa, sannu. Na karanta har ƙarshe kamar yadda kika roƙa, ban kuma yi dariya ba. Tambaya uku kika yi, amma akwai wadda ta fi su gaggawa, da ita zan fara.

Kada mijinki ya hau katakon nan ranar Litinin. Na nuna wasiƙarki ga wata ƙwararriya kan abincin waɗanda aka yi wa irin wannan tiyata, ta ce amai na makonni, da barin shan ƙwayoyin bitamin, da jiri, da wannan yawon kiyashi a ƙafa, in suka haɗu ba abin jira ba ne. Suna iya zama alamar jiki ya rasa wasu sinadarai da jijiyoyi ke rayuwa da su, kuma in aka yi sakaci lahanin yana iya zama na dindindin. Ya koma asibitin da aka yi masa aiki a yau ko gobe, ya faɗi komai ba ɓoye-ɓoye, a gwada jininsa, a kuma duba ko hanyar abincin ta tsuke. Tunda yanzu maganarki ba ta shiga kunnensa, ki kira yayarsa. In ta zage ki ki shanye, ki bari ta gama, sannan ki gaya mata wannan. Ita ta raka shi. Bene ba ya guduwa, wani ya yi fentin.

Sai batun laifi. Kin ce in gaya miki gaskiya, to ga ta. Tsoronki ba laifi ba ne. Wadda ta yi jinyar mahaifinta ana yankarsa gaɓa-gaɓa ba za a ce ta cika zaƙewa ba, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma danne marar lafiya, da tsarge masa leɓe, da kwaɗa masa ludayi, sunansa duka, kuma cin zali ne. Da shi ne ya yi miki haka, da na ce ki bar gidan tukuna. Ba zan sauya ma'auni don ke mace ce ba, ko don niyyarki mai kyau ce. Kalmar da kika jefe shi da ita kuwa, ta ya je ya mutu a wani wuri, ina jin ta fi cokalin yi masa ciwo.

Shi ma ban wanke shi ba. Farantin da ya wurga da ya same ki da yanzu wani zancen ake yi, kuma gidan da ake naushin gilashi ba gidan zaman lafiya ba ne. Ƙaryar da ya shekara yana yi miki ita ta cinye amanar da yake buƙata a yau. Ɓoye abinci mako shida maimakon ya ja ki ku koma asibiti tare, wannan ragwanci ne, kuma da lafiyarsa ya biya. Sai ya amsa nasa. Amma ki lura da abu ɗaya, hannun nan ya ɗaga shi, ya kuma zaɓi gilashi a kanki.

Yanzu ki zauna da kyau, don abin da zan faɗa zai yi miki ɗaci. Cokali biyun nan gaskiya ya faɗa miki. Wataƙila shi ne karo na farko da ya gaya miki gaskiya a kan abinci, shi ne kuma kika ƙaryata. Hoton da ke bangon kicin ɗinku daidai ne ga yaro mai cikakken tumbi. Abin da aka bar wa mijinki bai wuce ƙaramin kofin shayi ba. Kika cika shi da ɗanyen kabeji, wanda ko mai lafiya sai ya tauna da kyau, kika bi shi da ruwa, kika kuma hana shi kifin da shi ne ya kamata ya fara shiga. Ba yatsa yake zurawa ba, 'yar'uwa, wurin ne babu. Garin neman gira kika kusa rasa ido.

Ganye yana da muhimmanci, ba ki yi kuskure a nan ba, kuma shayi da biskit hanya ce ta komawa gidan jiya. Amma ga yadda masana suka ce ake yi, kafin asibitinsa su ba ku nasa tsarin. Abin gina jiki ne farko, ƙwai ko kifi ko kaza mai laushi ko wake da ya dahu sosai. Bayansa kayan lambu, cokali biyu zuwa uku, dafaffe har cokali ya iya murƙushe shi: kabewa, karas, alayyafo da aka cire wa jijiya. A fere ɓawo, a guji mai zare-zare. Sabon abu ɗaya a lokaci ɗaya, in ya zauna lafiya a ƙara wani. Wanda ya ƙi wucewa a markaɗa shi cikin romo. Ya tauna har ya zama kamar kunu, ya ɗauki minti ashirin zuwa talatin, ba ruwa tare da abinci sai bayan kamar rabin awa. Da ya ji ƙirji ya cika, an gama, ko da loma ɗaya ce ta rage. Ɗanyen ganye zai zo daga baya, kaɗan-kaɗan, in likita ya yarda. Cokali biyu a kowane ci, sau da yawa a yini, shi ne isasshe a yanzu, giɓin da ya rage kuma aikin ƙwayoyin bitamin ne, waɗanda ba a barin su. In ba sa zama, akwai na taunawa da na ruwa, ya tambaya. Ganawa ta gaba kuwa ki je da ƙafarki, ko wa zai zo duba makaranta.

Batun dawowarsa gida, ba ki da ikon sa masa rana. Ki daina aika abinci, don kowane kwano da ya iso ce masa yake har yanzu kina tsaye a kansa. Bayan an dawo daga asibiti ki nemi izinin yayarsa ki je hannu rabbana, ba kwano ba leda. Ki ce kin dake shi, kin yi kuskure, ya yafe miki, kada ki liƙa wa maganar "amma". Ki gaya masa kin gano gaskiya ya faɗa. Sannan ki ba shi labarin ɗakin babanki kamar yadda kika ba ni, don ina zargin ihunki ya sani, tsoronki bai sani ba. In ya ce yana buƙatar lokaci, ki ba shi. Ku kuma samu wani babba da kuke jin nauyinsa, ko mai ba ma'aurata shawara, ku yi alkawari a gabansa cewa hannu ba zai sake tashi a gidan nan ba, naki ko nasa. Ke ma ki nemi wanda za ki yi magana da shi kan wannan zuciya, ki kuma tambayi kanki ko a cikin yara ɗari ukun nan babu wanda ya taɓa ce miki ya ƙoshi da gaske kika mai da shi ya zauna.

Ranar da Allah ya dawo da shi, ki nemo ɗan farantin da ake ɗora kofin shayi. Ki sa masa kifinsa da cokali biyu na kabewa, ki ajiye, ki juya ki fita daga ɗakin. Na san wannan fitar za ta fi miki ɗaga tukunyar mutum ɗari wuya. In farantin ya dawo da saura, ki karɓa ki ce masa sannu. Saurar da kika gani da idonki ta fi faranti tas da gwangwani goma sha ɗaya a baranda.

Allah ya ba shi lafiya, ya sanyaya miki zuciya, ya mai da ku teburi ɗaya. Ludayin kuma ki bar shi a makaranta.